Mutumin da Ya Bi Sanarwa

Da batirin ya nuna ɗari bisa ɗari, Malam Fensir ya ajiye kofin shayinsa, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya zare cajar daga soket. Ya naɗe wayar zagaye shida, ya ɗaure ta da roba, ya sa a aljihun tebur. Sai da ya yi haka sannan ya gyara zaman tabaransa ya buɗe aikin ranar.

Haka yake yi kowace safiya tun wata bakwai da suka wuce, lokacin da kamfanin zanen gine-ginen da yake yi wa aiki ya kwashe manyan kwamfutocin tebur ya raba wa ma'aikata laftof. A makon rabon ne batirin tsohuwar laftof ɗin Darakta ya kumbura har ya ɗaga maɓallan rubutu. Wani abokin Darakta, wanda iliminsa na kwamfuta bai wuce mallakar guda biyu ba, ya ce masa yawan caji ne. Washegari aka manna takarda a bango, daidai saman teburin Malam Fensir:

"SANARWA. Duk laftof ɗin da ta cika a zare ta daga wuta nan take. Ba a aiki da laftof tana kan caji. Kayan kamfani amana ne. Hukumar Gudanarwa."

Hukumar Gudanarwa ita ce Darakta shi kaɗai, a ranakun da ba ya son a yi masa tambaya.

Malam Fensir ya karanta takardar sau ɗaya, ya fara aiki da ita. Shekararsa hamsin da bakwai, talatin da ɗaya daga ciki a wannan kamfani. Ya zo tun ana zane a kan allon katako mai gangare, kuma shi ya koya wa Darakta fiƙe fensir lokacin da Darakta yake ɗan makaranta yana zuwa hutu ofishin mahaifinsa. Daga nan sunan ya bi shi. Ya koyi zane a kwamfuta yana da shekara arba'in da biyar, da kunya da naci, har ya zama babu wanda ke tsere masa da nisa. Amma tun da laftof ta shigo hannunsa, komai ya koma tafiyar ganin dama. In ya ja layi sai layin ya yi tunani kafin ya biyo. In ya juya gini don ya ga bayansa sai ginin ya juya da ƙyar, kamar mai ciwon ƙugu.

Mafi muni ita ce dahuwa. Haka ma'aikatan ke kiran lokacin da mutum ya gama saita tagogi da launi da hasken rana, ya danna maɓalli, ya zauna jiran kwamfuta ta fitar da hoton ginin kamar an riga an gina shi. Dogo, wanda ke zaune a tebur na gaba, dahuwarsa minti ashirin ce. Ta Malam Fensir awa ɗaya da kwata, in an yi sa'a. Kuma laftof ɗin iri ɗaya ce, rana ɗaya aka fito da su daga kwali.

Bai gama buɗe aikin ba aka ce Darakta yana kira.

Darakta ya miƙe tsaye ya ja masa kujera da kansa, abin da duk ma'aikacin ofishin ya san ba alamar alheri ba ce.

"Malam, an kwana lafiya? Ya su Mama?"

"Lafiya lau, yallaɓai."

"Mutanen da muke zana wa asibitin nan za su zo ƙarfe huɗu. Hoto huɗu suke son gani: gaba, baya, gefe, da na sama. Kai na ba."

"To."

"Dogo zai iya fitar da su kafin rana ta take. Amma kai na ba." Darakta ya gyara takardun da ba su karkace ba. "Malam, ka san matsayinka a wurina. Ba sai na faɗa ba."

"Na sani."

"Sai dai wata bakwai ke nan aiki yana tsayawa a teburinka. Ba na ce laifinka ba ne. Shekaru ne, kowa zai je can. In hotunan nan ba su fito kafin huɗu ba, ina ganin mu daina wahalar da juna. Ɗakin ajiya na ƙasa yana neman mutum mai tsari, kuma babu wanda ya san tsofaffin zanen nan kamarka. Albashinka ba zai ragu ba. Hutu ne, wallahi."

Ɗakin ajiya yana ƙarƙashin matakala, ba taga. Can kamfanin ke kai duk abin da yake jin nauyin zubarwa: kujeru masu ƙafa uku, allunan zane na katako, firinta biyu da suka mutu. Mutum na ƙarshe da aka ba wannan hutun ya yi wata biyar yana shan hutu, sannan ya rubuta takardar ajiye aiki da hannunsa, aka yi masa walimar ban kwana da lemo.

"Allah ya kai mu ƙarfe huɗun," in ji Malam Fensir.

Ƙarfe goma saura ya ɗora hoton gaba a dahuwa. Wani koren layi ya bayyana a ƙasan allo ya fara rarrafe. Ya naɗe hannu yana kallonsa.

Dogo ya juyo da kujerarsa. Matashi ne mai kirki, irin kirkin da ba ya hana baki aiki.

"Baba Fensir, an ɗora tukunya?"

"An ɗora."

"Da gawayi ko da kyandir?"

"Da haƙuri, ɗan nan. Ba ka san shi ba, ba a sayar da shi a waya."

Dogo ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Na ji abin da ake ciki. Ka turo min biyu a ɓoye in dafa maka. Wa zai sani?"

"Ni."

"Kai dai Baba! To ai shi ke nan."

Ba yau Dogo ya fara tayin taimako ba. Wata uku da suka wuce, da Malam Fensir ya yi ƙorafin ko laftof ɗinsa ce ke da lalura, Dogo ya gwada ta lokacin hutun rana, mai ita ya fita cin abinci ya bar ta a caji kamar kullum. Minti ashirin hoto ya fito. Sau biyu kuma Malam Fensir ya kai ta kasuwa wurin mai gyara, ya bar ta ya je ya dawo, aka ce masa lafiyarta ƙalau. Shaidu uku sun wanke na'ura. Wanda ya rage a gaban alƙali shi ne shi.

Bai yi gardama ba. Ya je an auna idonsa, ya canza tabarau. Ya rage sukari. Ya sayi littafin koyon manhajar zane mai kauri kamar bulo, yana karanta shafi goma kullum bayan ya koma gida. Ya ɗauka akwai wani abu da yake dannawa ba daidai ba, wani ƙaramin abu da yaran nan suka sani tun a ciki, shi kuma kansa ya yi taurin da ba zai ɗauka ba. Abin da bai taɓa zuwa masa a rai ba shi ne ya leƙa ƙarƙashin teburin wani. Ba tarbiyyarsa ba ce.

Sha ɗaya da 'yan mintuna hoton gaba ya fito. Ya yi kyau, don Malam Fensir bai taɓa sa inuwa inda rana ba za ta sa ta ba. Amma saita hoton baya ya ci masa wasu minti arba'in, kowace taga sai ya lallashe ta. Ya yi lissafi a bayan ambulan. Batirin ya kusa ƙarewa, ke nan dole ya tsaya awa ɗaya ya yi caji. Saura hoto uku. Ko babu fitsari babu tari, ba zai gama kafin shida ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Malam, ka sha ƙwayar?"

Ƙwayar ƙarin kaifin ƙwaƙwalwa ce da ƙanwarta ta aiko, mai warin kifi.

"Na sha."

"Muryarka ba ta yi min ba. Me ya faru?"

"Ba komai. Aiki ne."

"Shekara talatin ina jin 'ba komai' ɗinka, na san mai komai da marar komai. Yaron nan ne ko? Wanda ka share wa majina?"

"Darakta ne yanzu."

"Ni dai majinar na sani. Ka ci abinci."

Da ya ajiye wayar sai ya rufe laftof ɗin, ya sa ta a jaka tare da cajar. Bai san abin da yake fata ba. Ya dai san in ya zauna, lissafin bayan ambulan ba zai canza ba, kuma mutum ya fi son a yanke masa hukunci yana tafiya da a yanke masa yana zaune.

Shagon mai gyaran yana hawa na biyu a layin masu waya, tsakanin mai sayar da caja da mai manna gilashi a fuskar waya. A saman ƙofar an rubuta Asibitin Kwamfuta, shi ya sa kowa ke kiran matar da ke ciki Likita. Ta ba arba'in baya, tana da madubin ƙara girma rataye a wuya, kuma ita kaɗai ce a duniyar kwamfuta ke ce masa Yaya ba Baba ba. Ba zai rantse cewa ba wannan ne ke mayar da shi wurinta ba.

"Yaya, kai ne kuma? Mara lafiyar nan taka ta fi ni lafiya fa."

"Ki duba min ita sau ɗaya tak. Yau ko ita ko ni."

"To ajiye, ka je ka ci abincinka ka dawo."

"Yau ba inda za ni. A gabana za ki duba."

Ta kalle shi, ta ga ba wasa a fuskarsa, ta ture wata buɗaɗɗiyar kwamfuta gefe ta yi wa tasa wuri. Ta karɓi cajar, ta warware zagaye shidan nan ba tare da girmamawa ba, ta soka a wuta, ta buɗe laftof ɗin.

"Wane aikin ne yake ba ka wahala? Wannan? To bari mu gani."

Ta kai hannu za ta danna. Malam Fensir ya tare ta.

"A'a, ki bari ta cika tukuna."

"Me zai cika?"

"Batirin. Ba a aiki da ita tana kan caji."

Likita ta sauke hannunta a hankali. "Wa ya ce?"

"An rubuta."

"A ina?"

"A bango. A ofis."

"Tsaya, Yaya. Kana nufin kullum a kan batir kake wannan aikin?"

"Tun ranar da aka ba ni ita. In ta ƙare in rufe in sa caji, in ta cika in zare in ci gaba."

"Wannan aikin? Na fitar da hoton gini?"

"Shi."

Ta ɗora hannu biyu a ka. Mai manna gilashi ya leƙo ya ga ko an yi rasuwa.

"Zo nan," ta ce. "Kawo kunnenka."

Ta danna. Koren layin ya bayyana. Daga cikin laftof ɗin wata ƙara ta taso, fuuu, kamar ƙaramar mota za ta hau tudu, iska mai zafi ta fara fita ta gefe. Malam Fensir ya ja da baya.

"Za ta ƙone!"

"Fankarta ce. Ba ka taɓa jin ta ba?"

Bai taɓa ji ba. A wata bakwai laftof ɗinsa ba ta taɓa ɗaga murya ba, har yana yaba mata ladabi. Yakan ji ta Dogo tana wannan huci, ya ce a ransa yaron nan zai kashe kayan mutane.

Layin yana tafiya. Ba rarrafe ba, tafiya, ana ganin motsinsa da ido.

"Yanzu duba." Likita ta fizge cajar. Hasken allon ya ɗan dushe, hucin ya yi ƙasa ya mutu, layin ya tsaya cak kamar an kira sunansa, sannan ya koma rarrafen da Malam Fensir ya sani kamar tafin hannunsa. Ta mayar da cajar. Fuuu. Ta zare. Shiru. Ta mayar.

"Ka gani? Ƙwaƙwalwarta mai ci ce. In tana kan wuta, tana ci ta ƙoshi ta yi gudu. In ka zare, sai ta ga abincin da ya rage ɗan kaɗan ne a batir, ta ce bari in ja shi ya kai ni yamma. Sai ta rage ƙarfinta da kanta. Taka ma an saita ta a kan mafi tsananin tsimi. Rubutun wasiƙa ba za ka ji bambanci ba. Amma wannan aikin? Ka ɗora wa ma'aikaci buhu ka hana shi abinci, sannan ka ce ya tsufa."

"Ba ita aka ce ta tsufa ba," in ji Malam Fensir.

Ta jawo masa kujera ya zauna.

Suka ci gaba da kallon layin. Can ya ce, "To kumburin batirin fa? Na Darakta ya kumbura, na gani da idona."

"Yana faruwa, in batir ya tsufa ko ya sha zafi, ko ya shekara a cike maƙil. Ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Amma irin taka tana da wurin da ake ce mata ta tsayar da caji a kashi tamanin. Sai ta ja wuta kai tsaye ta bar batirin ya huta." Ta danna nan, ta danna can. "Shi ke nan. Na saita. Minti nawa na ɗauka?"

"Ko ɗaya ba ki kai ba."

"Da ka tsaya tun zuwan farko..." Ta fasa ƙarasawa. "Ni ma da laifina. Ban tambaye ka yadda kake aiki da ita ba. Wa zai yi tunanin akwai mai bin takardar bango?"

Hoton baya ya fito a minti ashirin da biyu. Malam Fensir ya duba agogonsa sau biyu.

A cikin bas ɗin komawa ya samu wurin zama kusa da taga, jakar a kan cinyarsa, har yanzu da ɗumi. Ya ɗauka zai ji daɗi. Abin da ya ji ya fi kama da abin da mutum ke ji in an ce masa ɗaurin da ya gama kuskure ne. Ya tuna ranar da ya ce wa matarsa, suna zaune, "Ina jin kaina ya fara tafiya," ita kuma ta yi dariya da ƙarfi fiye da kima, ta tashi ta shiga ɗaki ta daɗe. Ya tuna ya daina ba da shawara a taron ofis, don wanda aikinsa ke makara ba ya gyara wa wasu. Ya tuna littafin nan mai kaurin bulo, ya kai shafi na ɗari huɗu da goma. Bas ɗin ya tsaya a cunkoso minti ashirin, wani mai talla ya miƙo masa cajar waya ta taga, ya kalle shi kallon da ya sa mutumin ya matsa gaba ba tare da ya faɗi kuɗi ba.

Biyu da rabi ya shiga ofis. A kan teburinsa akwai mukulli ɗaure da ɗan katako, an rubuta AJIYA a jiki. An ajiye shi a tsakiya, a miƙe, don kada a ce an jefar.

"Sakatariya ce ta kawo," in ji Dogo, bai juyo ba. "Darakta ya zagayo ya ga ba ka nan. Ya ɗauka ka haƙura."

Malam Fensir ya matsar da mukullin gefe. Ya fito da laftof, ya fito da caja. Ya tsaya ya ɗaga kai ya kalli sanarwar, sannan ya sunkuya. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa karya dokar kamfanin nan ba, har da ta hana shan shayi a kusa da takarda, wadda mai kafa ta ya rasu tuni. Ya soka cajar a wuta.

Tun da ya riga ya sunkuya, ya juya kai ya kalli ƙarƙashin sauran teburan. Tebur bakwai, caja bakwai, kowace a soke, wasu har ƙura ta yi musu rawani. Ta Dogo an ɗaure ta da salatif a jikin soket don kada ƙafa ta taɓa ta.

Ya miƙe yana riƙe da ƙugu.

"Dogo."

"Na'am, Baba."

"Cajarka, yaushe rabon da ka zare ta?"

"Zare ta? Don me?"

Malam Fensir ya nuna bango. Dogo ya bi yatsan da ido, ya karanta takardar yana motsa leɓe kamar yau aka manna ta. Sai ya kalli Malam Fensir. Sai ya kalli laftof ɗin da ta fara huci. Fuskarsa ta shirya dariya, dariyar ta zo har maƙogwaro, ta ga wurin bai dace ba ta koma.

"Baba... wai kana nufin duk watannin nan..."

"Duk."

"Innalillahi. Ai ni ban san... Kullum ina ganin teburinka tsaf ba waya, na ɗauka tsabta ce kawai." Ya shafa kai. "Wallahi da na sani."

"Da ka sani da ka samu abin tsokana na shekara. Juya ka yi aikinka, kana tare min iska."

Ginin ya juya a ƙarƙashin hannunsa kamar an shafa masa mai. Ya saita hoton gefe a minti goma, ya ɗora, ya fito. Ya saita na sama. Yana cikin haka ya lura ƙofar ɗaukar marasa lafiya tana buɗewa ta inda za ta tare hanyar keken guragu, kuskuren da ke cikin zanen tun daga teburin Darakta. Ya gyara, bai ce wa kowa ba. Huɗu saura minti goma sha biyu hoto na ƙarshe ya fito.

Mutanen asibitin sun zo huɗu da rabi, kamar yadda masu cewa ƙarfe huɗu suka saba. Ta gilashin ɗakin taro ana ganin suna gyaɗa kai, Darakta yana nuna ƙofar marasa lafiya da alƙalami yana bayanin hikimar da ta sa aka juya ta haka.

Bayan sun tafi, Darakta ya aiko a kira shi. Wannan karon bai ja masa kujera ba, Malam Fensir ya ji hankalinsa ya ɗan kwanta. Ya shiga da mukullin a hannu, ya rufe ƙofa.

"Malam, ka ba ni mamaki. Ka ga abin da nake faɗa? Wani lokaci mutum ɗan matsi kawai yake buƙata."

Malam Fensir ya yi niyyar ya bar shi a haka. Zai fi sauƙi ga kowa. Amma ya san in ya bari, labarin da za a riƙa bayarwa shi ne tsoho ya ji tsoro ya farka, kuma a ƙarƙashin wannan labarin zai ƙarasa shekarunsa.

"Ba matsi ba ne, yallaɓai. Caja ce."

Ya yi bayani a tsaye, a taƙaice, da muryar da ya taɓa koya masa fiƙe fensir da ita. Bai ce "sanarwarka" ba, ya ce "sanarwar". Bai ambaci ɗakin ajiya ba, bai ambaci ƙwaya mai warin kifi ba. Darakta yana saurare, idonsa yana sauka a hankali zuwa gefen teburinsa, inda wata baƙar waya ta fito daga laftof ɗinsa ta gangara ta shige soket. Ya ɗan matsar da fayil ya rufe ta.

"Wata bakwai," in ji Darakta.

"Da mako ɗaya."

Darakta ya shafa fuska. Ya sosa kunne kamar yadda yake yi tun yana yaro in ya ɓata takarda. Malam Fensir ya ga maganar ban haƙuri tana tasowa, ya ga ta iso bakinsa, har ya fara shirya amsar da zai bayar, cewa ba komai, ya wuce. Darakta ya yi gyaran murya.

"Gaskiya wannan babbar matsala ce. Dole a ja hankalin ma'aikata. Tunda na'urarka ta warware, buga mana sabuwar sanarwa yanzu a manna kafin a tashi. Rubuta." Ya kalli silin. "An lura wasu ma'aikata suna zare laftof daga wuta lokacin aiki, wanda hakan ke jawo jinkiri da asarar lokacin kamfani. A daina daga yau."

Malam Fensir ya rubuta a bayan ambulan, kalma bayan kalma.

"Sunan wa zan sa a ƙasa?"

"Hukumar Gudanarwa."

"To."

Ya juya zai fita.

"Malam." Darakta bai ɗago ba, yana duba wata takarda da ya riƙe a juye. Ya miƙo hannu ɗaya, tafin a buɗe. "Kawo wannan. Sakatariya ce ba ta fahimce ni ba."

Malam Fensir ya sa masa mukullin a hannu. Ya koma teburinsa, ya zauna, ya buga sanarwar. Ya karanta ta sau biyu, ya ƙara waƙafi ɗaya da Hukumar ta manta, ya tura firinta.